Kafin Ka Ce "Kaka Ki Huta", Gwada Ƙarfin Damƙarta

A wannan fitowar, filin darasi ya faɗo kaina, kuma na zaɓi in yi magana a kan wani awo da ba ya cin minti biyar, ba a huda jiki, ba a ɗibar jini, amma likitocin tsofaffi suna ba shi muhimmanci sosai. Shi ne awon ƙarfin damƙar hannu, wato iya ƙarfin da mutum zai matse abu a tafin hannunsa. Zan karkata ne ga mata tsofaffi, kuma zan riƙa kawo misali da yankinmu na Tambuwal da Kebbe a kudancin Jihar Sakkwato, inda na tashi. A ƙidayar 2006, ƙaramar hukumar Tambuwal tana da mutum sama da dubu 220, Kebbe kuma sama da dubu 120. Kusan kowane gida a can akwai tsohuwa a ciki, kuma na san haka abin yake a garuruwanku.

Wani zai ce, to me ya sa mata? Dalili uku ne. Na ɗaya, tun suna da ƙuruciya tsokar jikinsu ba ta kai ta maza yawa ba, don haka jarin da suke shiga tsufa da shi kaɗan ne. Na biyu, idan al'ada ta ɗauke wa mace, sinadarin estirojin yana raguwa, shi kuma raguwarsa tana gaggauta zaizayar ƙashi da tsoka. Na uku, a jimlace mata sun fi maza daɗewa a duniya, ka ga ke nan su ne suka fi shafe shekaru masu yawa cikin rauni idan ba a kula ba.

Me ake aunawa?

Hannun mutum, daga wuyan hannu zuwa kan yatsu, yana da ƙasusuwa 27. Amma manyan tsokokin da ke naɗe yatsu ba a tafin hannu suke ba. Suna can tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu, dogayen jijiyoyi ne suke jawo yatsun kamar yadda igiya ke jawo guga. Ka dunƙule hannunka yanzu da ƙarfi, ka taɓa wurin da ɗaya hannun, za ka ji ya yi tauri. Akwai kuma manyan jijiyoyin saƙo guda uku da ke kawo umarni daga ƙwaƙwalwa zuwa hannu. Saboda haka damƙa ɗaya tana buƙatar ƙwaƙwalwa, da jijiyar saƙo, da tsoka, da gaɓa, duk su yi aiki tare. Idan ɗaya ta samu matsala, lambar awo za ta sauko.

Na'urar da ake awon da ita sunanta dainamomita, mu kira ta ma'aunin damƙa. Wadda ta fi shahara a asibitoci ita ce Jamar, mai aiki da matsin mai a cikinta, kuma mariƙinta yana da matakai biyar na faɗi. Galibi a mataki na biyu ake saita shi. Akwai kuma na zamani masu batir da ke nuna lamba a ɗan allo, waɗanda ba su kai Jamar tsada ba. Sakamakon yana fitowa da kilo. Ɗaliban injiniya za su tuna cewa kilo ɗaya na ƙarfi daidai yake da kimanin niyuton 9.8, wato damƙar kilo 16 ta kai wajen niyuton 157. Sai dai a lura, kilon damƙa daban, kilon ɗaukar kaya daban. Matar da ta matse kilo 20 ba lallai ne ta iya ɗaga jarka mai lita 20 ba, domin ɗaga jarka yana buƙatar baya da ƙafa da kafaɗa.

Yadda ake awon

Idan ba a bi ƙa'ida ɗaya ba, lambobin ba za su gwadu da juna ba. Ga yadda ake yi:

1. Ta zauna a kujera mai jingina, ƙafafunta biyu a ƙasa.
2. Damtsenta ya manne da haƙarƙarinta, gwiwar hannu a lanƙwashe kamar kusurwar ɗaki, wato digiri 90, babban yatsa yana kallon sama.
3. A cire mata zobba da awarwaro idan za su matse ta.
4. Ta riƙe na'urar, ka ce ta matse iya ƙarfinta na daƙiƙa uku zuwa biyar, kana ƙarfafa mata gwiwa: "Matsa, Inna, ƙara, ƙara!"
5. Ta huta kamar minti ɗaya, a sake. Sau uku ga kowane hannu.
6. A rubuta lamba mafi girma, a kuma rubuta wane hannu take aiki da shi.

Ga mai amfani da dama, hannun dama yakan fi na hagu da kusan kashi 10 cikin 100. Bahaguwa kuwa sau da yawa hannuwanta biyu kusan ɗaya suke. Ba a yi wa wadda ke da karaya, ko kumburi mai zafi, ko sabon ɗinki a hannu.

To, nawa ne daidai?

A shekarar 2014, Richard Dodds da abokan aikinsa na Jami'ar Southampton a Ingila suka haɗa sakamakon bincike 12 da aka yi a Birtaniya, na mutum kusan dubu 50, tun daga yara har zuwa 'yan shekara 90. Sun ga ƙarfin damƙa yana hawa a ƙuruciya, ya tsaya a tsakiyar rayuwa, sannan ya fara gangarowa. Ƙololuwar maza kusan kilo 51 ce, ta mata kusan kilo 31, a wajajen shekara 30 zuwa 40. Ga matsakaicin mata bayan nan, a kimance:

Shekara 50: kilo 29
Shekara 60: kilo 26 zuwa 27
Shekara 70: kilo 23 zuwa 24
Shekara 80: kilo 19
Shekara 90: kilo 14

Ku duba gangarar da kyau. Daga 50 zuwa 60 abin da ya tafi bai kai kilo uku ba, amma daga 70 zuwa 80 ya haura kilo huɗu. Wato gangarar tana ƙara tsanani yayin da shekaru ke ja.

Daga waɗannan alƙaluma ne kwamitin ƙwararru na Turai kan zaizayar tsoka ya fitar da iyaka a rahotonsa na 2019: macen da damƙarta ta gaza kilo 16, ko namijin da tasa ta gaza kilo 27, ana ɗaukarsu masu rauni da ya kamata a bincika. 'Yan sashen lissafi da ƙididdiga, ga yadda aka samo 16 ɗin. Matsakaicin matasan mata 31 ne, ma'aunin bazuwar alƙaluman kuma kusan 6. Aka ninka 6 sau biyu da rabi, aka samu 15. Aka cire 15 daga 31, saura 16. Shi ke nan, ba wani tsafi a ciki. Kwamitin Asiya kuwa, a nasa rahoton na 2019, ya sa iyakar mata a kilo 18, ta maza 28. Shi kansa kwamitin Turai a rahotonsa na farko na 2010 kilo 20 ya ce ga mata, daga baya ya sauko. Ka ga ke nan iyakar shawarar masana ce da suka gina a kan mutanen da suka auna.

Ma'aunin Ingila da tsohuwar Kebbe

A nan ne ɗalibi mai tunani ya kamata ya tsaya. Ƙarfin damƙa yana tafiya da tsawo da girman jiki, su kuma tsawo da girman jiki suna tafiya da irin abincin da mutum ya samu tun yana ciki. Manyan binciken da suka kwatanta ƙasashe sun nuna matsakaicin damƙa ya fi yawa a Turai da Arewacin Amurka, ya fi ƙanƙanta a Kudancin Asiya da Afirka. A nan gida Najeriya, masu bincike a Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife sun wallafa awon manya 'yan shekara 20 zuwa 70 a 2009, kuma matsakaicin mata ya fito kusan kilo 25.

Abin da wannan ke nufi shi ne, a ce ka auna wata gajeriyar tsohuwa a Kuchi ko Sanyinna, 'yar shekara 75, ka samu kilo 17. A ma'aunin Turai ta tsallake, a na Asiya ta faɗi. Wanne za ka ɗauka? Shawarata ita ce kada lamba ɗaya ta rufe maka ido. Ka duba abu uku. Ina take idan aka gwada ta da tsararrakinta na gari ɗaya? Me take iya yi wa kanta? Sannan, wanda ya fi komai, bayan wata shida lambar ta tsaya ko ta sauko? Tsohuwar da ta tsaya a 17 shekara biyu tana aikinta ta fi kwantar da hankali a kan wadda bara take 24 bana ta koma 19, ko da yake 19 ta fi 17.

Me ya haɗa hannu da zuciya?

A 2015 mujallar likitanci ta Lancet ta buga wani babban bincike ƙarƙashin Darryl Leong na Jami'ar McMaster a Kanada. Sun auna mutum kusan dubu 140, 'yan shekara 35 zuwa 70, a ƙasashe 17, suka bi su kimanin shekara huɗu. Sun samu cewa duk raguwar kilo biyar a damƙa tana tafiya da ƙarin kashi 16 cikin 100 na haɗarin mutuwa, da kashi 17 na mutuwa ta ciwon zuciya da jijiyoyin jini, da kashi 9 na shanyewar ɓarin jiki. Abin da ya ja hankalin duniya shi ne, wajen hasashen mutuwa, damƙa ta fi lambar sama ta awon hawan jini. A shekarar dai, wani bincike a yankin Garu da ke arewa maso gabashin Gana, a tsakanin manoma 'yan shekara 50 zuwa sama, waɗanda rayuwarsu ta yi kama da ta ƙauyukanmu, ya nuna su ma masu raunin damƙa sun fi mutuwa da wuri.

Kada a yi mini mummunar fahimta. Rai da ajali a hannun Allah suke, kuma binciken bai ce raunin hannu ne ke kashe mutum ba. Damƙa alama ce, kamar allurar mai a gaban mota. Idan ka sa yatsa ka tura allurar sama, ba ka ƙara ko ɗigon mai a tanki ba. Haka wanda zai sayo wa kakarsa ƙwallon roba ta yini tana matsawa, lambar hannunta za ta ɗan hau, amma ƙafafun da za su tayar da ita daga tabarma suna nan yadda suke. Hannu kawai ya fi sauƙin aunawa ne, shi ya sa ake leƙa sauran jiki ta wurinsa.

Me ke cinye tsoka?

Masana suna kiran wannan zaizaya sakofeniya, sunan da wani likitan Amurka, Irwin Rosenberg, ya ƙirƙiro a 1989. Daga shekara 30 mutum yakan yi asarar kashi 3 zuwa 8 cikin 100 na tsokarsa a kowace shekara goma, kuma abin yana ƙara sauri bayan shekara 60. Zaren tsoka masu saurin aiki su ne suka fi tafiya, su ne kuwa waɗanda ke taro mutum idan ya yi tuntuɓe. Shi ya sa saurayi zai yi tuntuɓe ya gyara tsayuwa, tsohuwa kuwa ta kai ƙasa. Idan aka haɗa da ƙashin da ya yi sakwa-sakwa, faɗuwa ɗaya a bakin banɗaki tana iya karya ƙugu, kuma duk mun san gidajen da daga wannan faɗuwar tsohuwa ba ta sake takawa ba.

Ban da shekaru, abubuwa uku ne ke ƙara wa zaizayar gudu: ƙarancin abinci mai gina jiki, doguwar rashin lafiya irin su ciwon suga da tarin fuka da ciwon ƙoda, da kuma zama wuri ɗaya. A kan na ƙarshen nan akwai wani gwaji da aka wallafa a Amurka a 2007. An kwantar da tsofaffi masu lafiya a gado kwana goma kacal, ana ba su abinci isasshe, amma kowannensu a matsakaici ya yi asarar kusan kilo ɗaya na tsokar ƙafa. Kwana goma fa. To ka yi tunanin tsohuwar da zazzaɓi ya kwantar mako uku, ta warke, 'ya'yanta suka ce kada ta ƙara taɓa komai.

Matsalar "ki huta"

Matan da yanzu suke shekara 70 da 80 a Dogon Daji, da Jabo, da Girkau, da Kebbe sun tashi ne da taɓarya a hannu. Sussuka, surfe, daka, niƙa a kan dutse, jan guga a rijiya mai zurfi, tuƙin tuwon gida guda da muciya, matsar man gyaɗa a yi ƙuli-ƙuli, tatsar nono, kaɗi, saƙar faifai, matse wanki. Duk wannan atisayen ƙarfi ne, ko da yake ba wanda ya taɓa kiransa haka. Sai injin niƙa ya zo, famfo ya zo wasu wurare, kuma alhamdu lillahi, ba wanda ke fatan uwarsa ta koma bautar da. Sannan al'adarmu mai kyau ce: da an kawo suruka gida, uwar miji ta fita girki. Jika ya ga ta ɗauki buta sai ya ruga ya karɓe. Ta miƙe za ta share ƙofar ɗakinta, a ce haba Inna, ga yara. Girmamawa ce, amma idan ta kai ga an raba ta da kowane motsi, tsokar da ba a aiki da ita jiki janye ta yake yi.

Su kansu tsofaffin sun san haka. Kakata ta wajen uwa, a can ƙasar Kebbe, duk lokacin da wani daga cikinmu ya kama taɓaryar da take dakan yaji da ita, sai ta riƙe gam ta ce, "Kai mijin ga, mi kaka so da ni? So kake in zauna in ruɓe? Hannun ga ya daka geron da ya hi ka nauyi tun ba a haihi uwarka ba." Mu yi dariya mu sakar mata. Abin da take faɗa cikin wasan kaka da jika, shi ne abin da ke cikin littattafan likitanci.

Kuma tsufa ba ya hana tsoka amsa horo. A 1990 Maria Fiatarone da abokan aikinta a Boston suka ɗauki tsofaffi goma 'yan shekara 86 zuwa 96 a wani gidan kula da tsofaffi, suka sa su atisayen ɗaga nauyi da ƙafa na mako takwas. Tara da suka kammala, ƙarfin ƙafarsu ya ninka fiye da sau biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2020, ta ce 'yan shekara 65 zuwa sama su yi aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako, da atisayen daidaita tsayuwa kwana uku a mako domin rage faɗuwa.

Ba sai an kai Kaka gidan motsa jiki ba. Ta tashi ta zauna a kujera sau takwas ko goma, tana dafa bango idan da buƙata. Ta ɗaga gorar ruwa mai lita ɗaya sama da ƙasa. Ta matse jiƙaƙƙen zane. Ta taka zuwa gidan maƙwabta barka ko gaisuwa. A bar mata dakan yaji, da ɓarar gyaɗa, da tsince wake, da ba awaki dusa. Abin da za a karɓe mata shi ne mai haɗari: jan ruwa a bakin rijiya mai santsi, ɗaukar dami a ka, aiki cikin ranar bazara. Wadda ke da ciwon zuciya, ko jiri, ko hawan jinin da bai daidaita ba, a fara tuntuɓar ma'aikacin lafiya.

Me ke cikin kwanonta?

Babban mutum yana buƙatar furotin, wato sinadarin gina jiki, kimanin giram 0.8 ga kowane kilo na nauyinsa a rana. Ga tsofaffi, ƙwararru sun ba da shawarar giram 1.0 zuwa 1.2, saboda jikinsu ba ya sarrafa shi da kyau kamar na matasa. Tsohuwa mai nauyin kilo 50 ke nan tana buƙatar giram 50 zuwa 60. Mu yi lissafi da abin da ke kasuwanninmu. Ƙwai biyu, giram 12. Kofin nono babba, kusan giram 8. Kwanon dafaffen wake mai giram 200, kusan giram 15. Cikin tafi ɗaya na gyaɗa, kusan giram 7. Ya zama 42. Tuwon gero ko dawa da furar da za ta sha su cike sauran. Ka ga ko nama bai shigo lissafin ba.

Matsala biyu ce ke shiga tsakani. Ta farko haƙori. Wadda turamenta suka zube ba za ta tauna nama ko ƙuli-ƙuli ba, sai ta koma koko da ruwan fura tsararo, cikinta ya cika amma jiki bai samu abin gini ba. Maganin wannan a turmi yake: a daka ƙuli-ƙuli ko busasshen kifi a zuba a miya, a dama kunun gyaɗa, a yi alale da awara masu laushi, a dama fura da nono mai kauri. Ta biyu kuwa halin kakanni ne. Ka ba ta tsokar nama, kana juya baya ta miƙa wa jika. Idan ka kai mata abu, zauna ku yi hira har ta cinye. Mai ciwon ƙoda kuma kada a ƙara mata furotin sai da izinin likita.

Raunin da ba na tsufa ba

Kada komai a ce tsufa ne. Idan hannu ɗaya ya mutu farat ɗaya, ko baki ya karkace, ko magana ta sarƙe, wannan alamar shanyewar ɓarin jiki ce. A nufi asibiti a take, ba a jira gari ya waye, domin kowace sa'a tana da muhimmanci. Idan gaɓoɓin yatsu suna kumbura da ciwo, musamman da safe, amosanin gaɓɓai ne ake zargi. Idan yatsu suna mutuwa ko suna yi kamar ana tsira allura, a duba suga, a kuma duba ko jijiyar saƙo ce ta matse a wuyan hannu. Idan ƙaramin yatsa da na kusa da shi sun fara lanƙwashewa, ga kuma tabo a fata da ba ya jin taɓi, a gwada kuturta, wadda ake warkewa daga gare ta kuma maganinta kyauta ne. Rama ba dalili, da tari fiye da mako biyu, da ɗashewar ido, duk na asibiti ne. Akwai babban asibiti a Tambuwal da Kebbe, idan abin ya fi ƙarfinsu su tura Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, inda ake da sashen gashi da motsa gaɓɓai.

Idan babu na'ura fa?

Akwai gwaje-gwajen da wayarka da tef ɗin tela sun isa. Na ɗaya, ta rungume hannuwanta a ƙirji, ta tashi ta zauna a kujera sau biyar. Idan ta wuce daƙiƙa 15, ko ta kasa sai da dafawa, ƙafafu sun yi rauni. Ka tsaya kusa da ita yayin gwajin. Na biyu, auna mita huɗu a tsakar gida, ta taka yadda ta saba. Idan ta ɗauki daƙiƙa biyar ko fiye, saurinta bai wuce mita 0.8 a daƙiƙa ba, wannan ma alama ce. Na uku, zagaya tef a inda sha-raɓarta ta fi kauri, wato tsokar bayan ƙwauri. Kwamitin Asiya ya sa ƙasa da santimita 33 a matsayin alamar ƙarancin tsoka ga mata, sai dai idan ƙafar a kumbure take awon ba zai yi amfani ba. A ɗakin shan magani kuma ana iya naɗe robar awon hawan jini, a hura ta zuwa 20, a ba ta ta matse, a karanta inda allura ta kai. Wannan ba kilo yake bayarwa ba, amma ya isa a gane ko tana gaba ko tana baya.

Sannan ka buɗe ido a gida. Ta daina iya buɗe murfin kwalbar magani? Cikakkiyar buta tana rawa a hannunta? Ta koma sallah a zaune ba tare da ciwon gwiwa ba? Ta faɗi a cikin shekarar nan? Tsugunno a banɗaki ya fara gagararta? Tsohuwa ba za ta faɗa maka wannan na ƙarshen ba saboda kunya, sai jikokinta mata su lura. Abin da ake ƙoƙarin tsare mata shi ne ta ci gaba da yin tsarkinta da alwalarta da kanta, ba tare da ta jira wani ya ɗaga ta ba.

Aikin da ke jiranmu

Najeriya ta buɗe cibiyar kula da lafiyar tsofaffi ta farko a Asibitin Koyarwa na Ibadan a 2012, kuma akwai dokar da ta kafa Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa a Abuja. Amma tsakanin Abuja da tsakar gidan wata tsohuwa a Ungushi akwai tafiya, kuma mu ne muke zirga-zirga a wannan hanyar duk hutu.

Ga masu neman batun furojet, ga shi nan a kwance. 'Yan lantarki da injiniya za su iya haɗa ma'aunin damƙa da ɗan ƙarfen awon nauyi irin na sikeli da allon Arduino, su daidaita shi da duwatsun awo da aka san nauyinsu. 'Yan ƙididdiga su tsara yadda za a zaɓi mutanen da za a auna, su fitar da matsakaici da bazuwa na kowane rukunin shekaru, har da matasan mata, tunda kun ga daga gare su ake lissafo iyaka. Ku tuna da yawa daga cikin tsofaffinmu ba su da takardar haihuwa, sai a kimanta shekaru da abin da suka shaida, misali shekararta nawa lokacin samun 'yancin kai a 1960, ko lokacin farin 1973. 'Yan sashen abinci su rubuta abin da kowace ta ci jiya. A nemi izinin kwamitin da ke kula da bincike a makaranta, da sashen lafiya na ƙaramar hukuma, da hakimi ko maigari, sannan ita kanta tsohuwar a yi mata bayani ta yarda. 'Yan uwa ɗalibai mata, ku ne za ku iya shiga cikin gida ku kama hannunta ba tare da wani nauyi ba, don haka wannan aikin ba zai yiwu ba sai da ku. A kuma bi shawarar mutanen gari kan inda hanya take da tsaro.

Wanda ba shi da furojet ma yana da abin yi. A hutun nan ka yi wa kakarka gwajin kujera da na mita huɗu, ka rubuta sakamakon da kwanan wata a bayan littafinka, hutu mai zuwa ka sake. Idan ka ga ta ja baya, ka sanar da iyayenka a kai ta a duba ta tun da sauran ƙarfi. Allah ya ƙara wa iyayenmu da kakanninmu lafiya, ya sa mu gama karatu lafiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.